Babi na Huɗu: Sandar Fatsar Teku

Duk wanda ya tashi a Paraku ko Jugu ya san fatsa tun yana yaro. Gora ce siririya aka saro a bakin rafi, aka ɗaura mata zaren roba kamu biyar ko shida, da ƙugiya ɗaya, da ɗan guntun totuwa da zai nutse idan an taɓa koto. Da ita yara ke ciro karfasa da ƙurungu a kogin Okpara, da ita magidanta ke zama kusa da gadar Beteru a hanyar Jugu idan ruwan kogin Weme ya fara janyewa bayan damina. Aikin wannan sanda guda ne: ta kai ƙugiya inda hannu ba ya kai, ta ɗago abin da ya kamu. Shi ya sa mutumin arewa in ya je sayen sanda, tambayar da ke fara fitowa daga bakinsa ita ce kifi mai kilo nawa za ta iya ɗagawa. A kogi tambayar tana kan hanya. A bakin teku kuwa ita ce ke jawo wa mutane asarar kuɗi, domin sandar teku tana gama yawancin aikinta tun kifi bai zo ba.

Da can garuruwan nan ba kudu suke kallo ba. Ayarin fatake ne ke tasowa daga Kano da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki ko Paraku, su yada zango a Jugu, su wuce Salaga ɗaukar goro. Jirgin ƙasa ne ya juya mu. A 1936 layin dogo ya iso Paraku daga Kwatano, tsawon kilomita 438, kuma tun daga lokacin ƙafar mutanenmu ba ta ɗauke daga bakin teku ba. Yau da wuya ka shiga gida a Zangon Paraku ka tarar ba su da ɗa ko ƙane a Zangon Kwatano, wani a kasuwar Dantokpa, wani a tashar jiragen ruwa, wani yana jan babbar mota tsakanin tashar da Malambil. Su ne ke fita bakin tekun Fijirose ran Lahadi da yamma, su ga mutane sun kafa dogayen sanduna a rairayi sun zauna suna kallon tsininsu, sha'awa ta kama su. Ina murna da wannan sha'awa, kuma ba na son ta mutu a fitar farko don sanda ta karye ko ta ƙi aiki.

Sai an san ruwan kafin a san sandarsa. Gaɓar tekun Benin gajera ce, wajen kilomita 125 daga iyakar Togo zuwa ta Najeriya, kuma rairayi ce zalla, babu tsauni, babu lungun da ruwa ke lafawa. Raƙuman ruwan da ke dukanta daga can kudancin Atlantika suke tasowa, su yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare su, sai sun iso nan su miƙe tsaye su rikito. Turawan Faransa sun sha wuyarsu. Kwale-kwalen da ke sauke kaya daga jiragen ruwa kifewa suke yi a wannan wuri, har dole ta sa aka gina doguwar gadar ƙarfe a Kwatano a shekarun 1890 don a tsallake su, ita ce kuma ta yi ta aiki har aka buɗe tashar yanzu a 1965. Wani abin kuma, raƙuman ba kai-tsaye suke zuwa ba, a karkace suke shigowa daga kudu maso yamma. Saboda haka ruwan bakin gaɓa kullum a tafe yake daga yamma zuwa gabas, yana jan rairayi, abin da masana suka ƙiyasta ya kai wajen kubik mita miliyan guda a shekara. Shi ya tara tudun rairayi yamma da tashar, shi ya cinye gidaje a gabashinta ta wajen Akpakpa, har gwamnati ta jera shingayen duwatsu cikin ruwa. Ruwan da ya ci gida ba zai ji nauyin dalmar da muke sa wa fatsa a Okpara ba. In ka tsaya kana fuskantar teku ka jefa ƙaramar dalma, kafin ka gama kafa sanda zarenka ya karkata hagu, jim kaɗan raƙumi ya maido maka ƙugiyarka gaban ƙafa, ta naɗo ciyawa da leda.

To, ga jerin yadda abin yake, kuma a kansa babin nan duka ya tsaya. Ruwa ne ke faɗin nauyin dalmar da za ta zauna a ƙasa. Dalma ce ke faɗin sandar da za ta iya jifa da ita. Kifi sai daga baya.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke saukowa har bakin teku, ruwan yakan yi sauƙi, dalma mai giram 100 zuwa 120 ta isa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa teku a fusace take, sai giram 150, wani lokaci har 200, kuma ba mulmulalliya ba, sai mai ƙusurwa huɗu da ke nutsewa cikin rairayi, ko mai ƙafafun waya da ke kafewa ta riƙe, sai ka fizga su lanƙwashe ta saki. Ƙara nauyin koto a kai, yankan sardin ko jatan lande ko ƙaguwa. Wannan jimla ita za ka nema a jikin sanda. Kowace sandar kirki tana da rubutu sama da mariƙinta kaɗan: tsawonta, yawan gaɓoɓinta, da nauyin jifanta. Wadda ta dace da gaɓarmu ita ce mai rubutun 100-200 g ko 100-250 g. Kada ka ɗauki lambar ƙarshe a matsayin wurin zamanka. Sanda tana jin daɗin aiki ne a tsakiyar abin da aka rubuta mata, wato mai 100-200 ta fi kyau da giram 130 zuwa 150, lambar sama kuwa iyaka ce da ake kaiwa da lallami. Sanda da dalma kamar baka ne da kibiya: in dalmar ta yi wa sandar rashin nauyi ba za ta tanƙwaru ta tura ta ba, in ta yi mata yawa ita za ta tsage. Ƙarfin jifa ba daga dantse kaɗai yake fitowa ba. Nauyin dalma ne ke lanƙwasa sanda a farkon wurgi, ita kuma ta miƙe da sauri ta saki abin da ta tara.

Da yake yawancin sandunan kirki da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, ya kamata a iya karanta rubutun kowa. Na Faransa da Italiya da Sifen da giram suke magana. Na Ingila da Amurka da oza, oza ɗaya giram 28 ne da ɗoriya, saboda haka 4-8 oz daidai yake da giram 113 zuwa 227, kuma ta yi. Na Japan suna da nasu awo, lamba ɗaya giram 3.75, sai ka ga an rubuta 30-425, ma'ana dalma mai lamba 30, wajen giram 112, da tsawon mita 4.25. Irin wannan tana da kyau da rani, da damina kuwa ta yi sanyi. Sandar da ba a rubuta mata nauyin jifa ba sam, ko aka rubuta mata abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar siririya mai kaurin yatsa a ce tana jifa da giram 300, ajiye ta.

Na taɓa raka ɗan yayata, direban babbar mota, cikin kasuwar Arzeke neman sanda zai tafi da ita kudu. A layin da ake sayar da zaren taru da ƙugiyoyi da dalmar birgi muka sami wani dattijo yana da sanduna ɗaure a bango, irin masu shigewa cikin juna. Yaron ya zaro mafi tsawo, mita biyar da wani abu, ya girgiza ta, tsininta na rawa, fuskarsa ta cika da murna.

"Baba, wannan nawa?"

"Ina za ka kai ta, ɗana?"

"Kwatano. Bakin teku."

Dattijon ya miƙa hannu ya karɓe ta, ya fara mayar da gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, yana share kowace da gefen rigarsa. "Wannan ta Okpara ce," ya ce. "Ko mazaunin muline mai naɗe zare ba ta da shi. In ka ɗaura mata dalmar teku, jifa ɗaya za ka yi ka dawo da rabi." Sannan ya dube ni. "Malam, ka san gaskiya. Ku sayi ƙugiya da zare a wurina, sandar kuwa ku neme ta can inda ruwan yake."

Maganarsa ita ce shawarata. Arzeke babbar kasuwa ce, amma kasuwa tana kawo abin da mutanenta ke aiki da shi ne, mutanenta kuwa masuntan ruwan daɗi ne, daga Okpara da Weme har Kwara, inda Sarkawa da Kabawa suka gaji mamari da gura da taru kaka da kakanni. Ƙugiya, zaren roba mai kauri, ƙaramar wuƙa, fitilar goshi, bututun da za a ɗauki sanda a ciki, duk a saye su a gida, sun fi sauƙi. Sandar kanta a Kwatano za a neme ta, ko Lome, ko Legas, ko a hannun ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa, inda irin su Shimano da Daiwa da Mitchell da Caperlan ke cike da kantuna. In kuwa Allah ya kawo ta gaske Arzeke cikin kayan gwanjo, awon da zan faɗa nan gaba shi zai raba gardama.

Maganar tsawo ita mutane suka fi ruɗewa a kai. Ana zaton tsawon don nisan jifa ne. Yana taimakawa, amma babban amfaninsa daban ne: idan ka kafa sanda a tsaye, tsawonta ne ke ɗaga zare sama da raƙumin da ke fashewa a gabanka. Zaren da ya kwanta cikin kumfa, kowane raƙumi sai ya tattaka shi, ya binne shi a rairayi, ya tumɓuke dalma daga mazauninta. Yaran bakin teku da ke naɗe zare a gwangwani su wulwula dalma da hannu su jefa suna kama kifi, kuma na ga sun kunyata masu kayan tsada, amma a tsaye suke wuni, hannu a sama, suna bin zarensu da ƙafa. Wannan wahalar ce sanda ke ɗauke maka. Ana yin ta mita 3.60, da 3.90, da 4.20, da 4.50, har 5. Ƙasa da 3.90 ta yi gajarta a gaɓarmu. Mita 4.50 tana son mutum dogo mai ƙarfin kafaɗa wanda ya riga ya iya jifa, domin duk abin da aka ƙara a tsawo ƙari ne a kan nauyin da dalma da kifi ke yi wa ƙugunka. Ga matsakaicin mutum mai fara koyo, 4.20 nake zaɓa, ba na ko shakka. Yaro matashi ko mace, 3.90.

Akwai awon da ba a rubutawa, kuma ya fi na rubuce muhimmanci ga jikinka. Ɗora gindin sanda a tsakiyar ƙirjinka, ka miƙa hannun dama a kanta. Inda tafin hannunka ya tsaya, nan ya kamata mazaunin muline ya kasance, ko kusa da nan. In ya wuce inda hannunka ke kai, kullum a miƙe za ka yi jifa, ba ƙarfi. In ya matso sosai, hannuwanka biyu sun haɗe, ba ka da abin da za ka ja gindin da shi. Jifan teku kuwa hannun hagu ne ke jawo gindi zuwa ciki yayin da na dama ke turawa. Sannan ka ɗaura muline ka riƙe ta yadda za ka riƙe ta da kifi, ka daɗe a haka. Sanda mai giram 500 da nauyinta ya daidaita ta fi mai 450 da kanta ke rinjaya gaba.

Da me aka yi ta? Har zuwa yaƙin duniya na biyu da gora da katako aka fi yi. A 1947 kamfanin Shakespeare na Amurka ya fito da sandar zaren gilashi, wadda muke kira fiba. Zaren kabon mai ƙarfi a Farnborough ta Ingila aka gano hanyar yin sa a 1963, domin jiragen sama, kuma a 1973 kamfanin Fenwick ya fara sayar da sandunan fatsa da aka yi da shi. Kabon ba shi da nauyi, yana miƙewa da sauri, yana kai dalma nesa, yana kuma isar da ɗan motsin kifi har tafin hannu. Aibinsa shi ne ba ya yafe duka. Ƙofar mota ta matse shi, ko ya faɗi kan dutse, ko dalma ta dawo ta buge shi, ba za ka ga komai ba, sai ran da ka yi jifa da ƙarfi ya ɓalle daidai wurin. Fiba tana da nauyi da sanyin jiki, amma tana shan wuya ta tashi. Mutumin da sandarsa za ta yi tafiyar fiye da kilomita 400 a ƙarƙashin motar fasinja tare da buhunan doya, sannan ta hau zem, wato babur ɗin haya, daga tasha zuwa masauki, ya nemi mai gauraye, kabon da fiba tare, ko kabon mai kaurin jiki irin na masu koyo. Wadda ake yi wa masu gasa, siririya mai tsada, ba tamu ba ce tukuna. Ba araha nake kira a bi ba, araha ba ta ado. Cewa nake a raba kuɗin da hankali, domin gishiri muline yake fara kashewa, ba sanda ba, kuma wanda ya zuba komai a sanda ya sayi muline na banza, shi ne zai fara komawa kasuwa.

Kabon yana ɗaukar wutar lantarki. Wannan a riƙe shi da kyau. Kudu damina biyu gare su, ta Afrilu zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Nuwamba, hadari kuma yakan taso ba sallama. Mutum tsaye a fili da sanda mai mita huɗu, shi ne abu mafi tsawo a wurin. Da ka ji tsawa, kwantar da ita a ƙasa ka nemi mafaka. Kada kuma a haɗa ta a cikin unguwa ƙarƙashin wayoyin lantarki don a nuna wa abokai.

Tsini iri biyu ne. Akwai wanda rami ne a cikinsa har ƙarshe, ci gaban jikin sandar ne. Akwai wanda aka dasa masa ɗan siririn tsinke cikakke mai laushi, yawanci da launi mai haske. Na biyun yana nuna ko ɗan lasar da ƙaramin kifi ya yi wa koto, kuma a ruwa mai kwanciya, kamar tafkin Nokuwe ko bakin kogi, daɗinsa ba a magana. A cikin raƙumanmu da dalma mai ƙafafu da tarin ciyawa a zare, na farkon ya fi aminci. Kifin da muke nema a nan ba ya sallama a hankali, in ya ɗauka za ka sani.

Sai gaɓoɓi. Mai shigewa cikin juna ita ke jan hankalin matafiyi, don tana naɗewa ta shiga jaka. Amma rairayi abokin gabarta ne: ƙwaya kaɗan ta shiga tsakanin gaɓa da gaɓa, ko ta cije ta ƙi komawa, ko ta yi ta gurzar jikin har ya raunana. Zobbanta kuma ba su da yawa, suna juyawa su bar layi. Mai gaɓa uku da ake sokawa cikin juna ta fi ta ƙarfi da daidaiton lanƙwasa, kuma mai mita 4.20 in an raba ta ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba. Bututun ruwa na roba mai faɗin santimita 10, da marfi biyu, da tsumma a naɗe kowace gaɓa, shi ke nan ta isa Kwatano lafiya. Ragowar bututun ma yana da aiki: a yanka mita ɗaya da 'yan kai, a fere bakinsa ɗaya a karkace, ya zama abin kafa sanda a rairayi.

Ga yadda ake duba ta a gaban mai kaya, kuma kada kunya ta hana. Haɗa gaɓoɓin, ka sa ido ta cikin zobba daga gindi zuwa tsini, su zama a layi ɗaya. Girgiza ta a hankali kana saurare, in ka ji ƙas-ƙas a mahaɗa, ta yi sako-sako. A wasu sanduna za ka ga ɗan tazara kamar faɗin farce ya rage a mahaɗar, gaɓoɓin ba su haɗe ruf ba. Ba aibi ba ne, da gangan aka bar shi don cin da mahaɗar za ta yi da shekaru, kada a kankare, kada a danna da ƙarfi. Bi bakin kowace gaɓa da ido a cikin haske, nan tsaga ke farawa, siririya kamar gashi. Sannan ka ciro ɗan auduga daga aljihu ka zura ta cikin kowane zobe ka juya. Cikin zoben tangaran ne, kuma tsagarsa ba ta ganuwa, amma auduga za ta maƙale ta bar zare-zare. Zobe ɗaya mai tsaga ya isa ya yanke maka zare a kan kifin shekara. Duba ƙafafun zobban inda aka naɗe su: in ka ga tsatsa ta yi ja a ƙarƙashin man da aka shafe su da shi, gishiri ya riga ya shiga. Zobban kamfanin Fuji na Japan su ne aka fi yarda da su, sunan yana buge a jikin ƙarfen. Daga ƙarshe ka ba mai kaya tsinin ya riƙe ƙasa-ƙasa, kai ka ɗaga gindin a hankali. Lanƙwasar ta tafi sumul, ta fi yawa a sama, ƙasan ya tsaya da ƙarfi. In ka ga wani wuri ya yi gwiwa, akwai rauni a ciki.

Wani abu ba sanda ba ne, amma ba na yarda a sayi sandar teku ba tare da shi ba. Dalmar da za ta yi tafiyar mita 100 tana barin tsini da gudun da ya haura kilomita 110 a awa. Zaren da ke cike da muline, mai kaurin milimita 0.30 zuwa 0.40, ba zai jure fizgar farko ba. In ya tsinke a tsakiyar wurgi, dalmar ba ta san teku ba, duk inda ta fuskanta nan za ta, ga kuma Fijirose cike da yara da masu talla. Don haka ake ƙulla zaren gaba mai kauri, milimita 0.60 zuwa 0.70, tsawon sanda biyu da ƙarin zagaye biyar ko shida a kan muline. Ƙa'idar masu jifa ita ce kowace oza ta dalma a ba ta zare mai ɗaukar laba 10, wato dalma mai giram 150 tana son zaren gaba mai ɗaukar wajen kilo 24. A sa wa yatsan da ke riƙe zare safar fata ko a naɗe shi da filasta. A waiwaya baya da gefe kafin kowane jifa.

Nisa kuwa, kada ya zama ciwo. Ɗan ƙasar Beljiyam Danny Moeskops ya jefa dalma fiye da mita 280 a 2004, amma a filin ciyawa ne a Ingila, ba ƙugiya ba koto. Gaɓarmu tana da gangara, zurfi yana kusa. Bayan inda raƙumi ke fashewa akwai kwari da ruwa ya haƙa, nan yake tono ƙaguwa da tsutsa da ƙananan kifi, nan kuma manyan ke kiwo, sau da yawa mita 40 zuwa 70 daga ƙafarka. Kapiten na teku mai dogayen gemu a ƙarƙashin ƙirji, wanda ba shi ne giwar ruwan Kwara ba ko da yake suna ɗaya masu kasuwa ke kiransu, da bar, da karang mai ja kamar ba zai gaji ba, da tarwaɗar teku, duk a wannan layin ake samunsu, musamman da asuba da bayan magariba idan ruwa yana cikowa. Cikar tana yin latti da wajen minti 50 kowace rana, kuma ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu, lissafin da kowane ɗan Zango ya riga ya iya. Mai iya ajiye kotonsa a mita 60, a wuri ɗaya, sau goma a jere, ya fi mai kai 120 sau ɗaya ya tsinke sau uku. Kuma ba a shiga ruwa don a ƙara mita goma. Ruwan da raƙumi ya zubo yana komawa da ƙarfin da ke kwashe rairayi daga ƙarƙashin dugadugi, iyon da aka koya a Weme ba ya aiki a nan, kuma mun yi jana'izar baƙi daga arewa da suka isa. Iyakarka idon sawu, fuskarka ga teku.

Idan kifi ya kamu, sanda ba ta ɗaga shi. Riƙe ta a karkace, rabi tsakanin tsaye da kwance, ka bar muline ya saki zare in ya ja. Sanduna da yawa a nan suke karyewa, lokacin da mai ita ya ga kifi a cikin kumfa, zumuɗi ya sa ya miƙar da ita tsaye ƙiƙam, nauyin duka ya koma kan tsini. Jira raƙumi ya ɗauko shi, ka ja da baya da ƙafa, ruwan da kansa zai ajiye maka shi a kan rairayi.

Gaɓar tana da masu ita. Daga Fijirose zuwa Wida ta Hanyar Masunta, har Giran-Popo da bakin kogin Mono, Popawa da Fedawa da Anlo da suka zo daga Keta ta Gana suna jan taru daga tudu, mutum talatin ko fiye a kan igiya ɗaya, abincin gidajensu ke nan. Mai sanda baƙo ne. A yi sallama, a tambayi inda za su ja, a kafa nesa da igiyarsu, kuma a wurinsu ake sayen koto mafi sabo. Wata rana ƙugiyarka za ta kamo wani kifi mai faɗin kai kamar garma da dogon jiki, wanda suke kira gita. Yana da ja, yana da nama, amma manyan irinsa sun kusa ƙarewa a tekun Afirka ta Yamma, har a 2019 aka sa su cikin jerin CITES na halittun da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Haihuwa yake yi, 'ya'ya kaɗan, kuma matan ne ke matsowa gaɓa da ciki. Ina roƙon a cire masa ƙugiya a mayar da shi. Mai faɗi irin faifai da ƙaya a wutsiya kuwa, kada a sa hannu ko ƙafa kusa da bayansa, a yanke zaren.

Ranar da aka dawo daga teku, kafin a ci abinci, a raba gaɓoɓin a wanke su da ruwan daɗi, a bi ƙafafun zobba da mazaunin muline da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa. A goga ɗan kyandir a kan namijin mahaɗa don kada ya cije. Wanda zai dawo da ita arewa ta yi watanni a ajiye, kada ya rufe ta a bututu da danshi, kada kuma ya jingina ta a bango a haɗe, ko ya cusa ta ƙarƙashin kwanon rufi inda zafin Maris ke dafa man da ke riƙe zobba. A kwantar da gaɓoɓin a kan ƙusoshi biyu ko uku a ɗaki mai iska, a sassauta birkin muline gaba ɗaya, a lulluɓe shi da tsumma saboda ƙurar hunturu.